Yadda Za Ka Rubuta Umarnin da Ba Ya Tashi Sai Kana Kan Kujerarka

Idan kai ne mai kula da na'urori a wajen aikinku, kuma ka fara jin ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata, kwantar da hankalinka ka gyara zama. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan bi da bi, ba ka sa kunya ko tausayi a ciki ba, babu mai korar ka. Babu mai yi maka canjin wajen aiki. Kai, ko hutu ka nema babu mai ba ka. An gwada hanyar ta yi aiki, wanda aka gwada a kansa kuma yana nan da ransa.

Mutumin da za mu riƙa buga misali da shi, Injiniya kowa ke ce masa. Shi bai taɓa cewa a kira shi haka ba, bai kuma taɓa hanawa ba. Yana aiki a wani ƙaramin gidan rediyo da ke saman bene, ƙasansa shagon tayoyi. Furfura ta fara cin gemunsa, yara suna makaranta, kuma ba shi da wata sana'a bayan wannan. Wata rana a taron ma'aikata Manaja ya ce, "A zamanin nan ai komai na'ura ke yi da kanta." Da ya faɗa, idonsa ya ɗan daɗe a kan Injiniya fiye da kan sauran. Daga ranar Injiniya ya daina barci mai nauyi. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, kada a raba shi da kujerarsa.

Mataki na ɗaya: Ka san halin masinjojinka

Na'ura ba ta jin maganarka kai tsaye. Akwai masinja a tsakaninku, wanda 'yan sana'ar ke kira shel: ka rubuta umarni, shi ya karanta, ya kai. Abin da zai cece ka shi ne masinjojin nan suna da yawa, kuma ba tarbiyya ɗaya aka yi musu ba.

Aikin gidan su Injiniya mai sauƙi ne. Kowace safiya mai karanta labarai, wata doguwar mata da kowa ke ce wa Anti, takan rubuta jadawalin shirye-shirye a layi guda: labarai talla waƙa talla wasanni. Kowace kalma sunan wani shiri ne da aka naɗa aka ajiye. Abin da ake so kawai, a yanka layin nan kalma-kalma, a saki kowane shiri bayan ɗan'uwansa.

Na'urar situdiyo tana da masinja mai suna Bash. Sarkin rawar jiki ne, da ya ga tazara tsakanin kalmomi sai ya yanka, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Sabuwar kwamfutar Manaja tana da Zsh, wanda sunansa ma sai ka yi kamar atishawa kafin ya faɗu. Shi kuma jin kai ne da shi. In ba ka ce masa ya yanka ba, zai haɗiye layin ɗungurungum a matsayin kalma ɗaya, ya tafi neman wani shiri mai suna "labarai talla waƙa talla wasanni", ya dawo ya ce babu. Na uku yana cikin wani ɗan akwati a ɗakin eriya, wanda ake komawa kansa in na'urar situdiyo ta yi gardama. Sunansa Dash. Dattijo ne, yankansa daidai, amma da ya ga sabon salo sai ya ajiye aikin a inda ya tsaya.

Wanda bai san duniya ba zai kalli wannan ya ce matsala ce. Kai ka sake dubawa, abincin 'ya'yanka ne.

Mataki na biyu: Ka zaɓi salon da ɗaya kaɗai ke ganewa

Injiniya ya rubuta layi ɗaya tak:

jeri=($jadawali)

Ba sai ka fahimce shi ba, Manaja ma bai fahimta ba. Abin da ya faru shi ne abin sani. Bash ya karanta ya yanka, shirye-shirye suka jeru tsaf. Zsh ya karanta ya gyaɗa kai, ya miƙo doguwar kalma guda. Dash ko ƙarasa karantawa bai yi ba, ya ce shi bai san wannan rubutun ba. Layi ɗaya ya ba da amsa uku, kuma wadda ke aiki ita ce ta teburin Injiniya.

Abin lura: akwai wani tsohon salo da duka ukun ke ganewa in an bi da su yadda ya kamata. Gajere ne. Kai ka san shi, Injiniya ma ya san shi tun yana da gashi a tsakar ka. Ka bar shi a cikinka. Ban taɓa jin an kori mutum saboda abin da ya sani bai rubuta ba.

Mataki na uku: Kada ka faɗi wanda zai karanta

Masu tsoron Allah a sana'ar nan sukan fara da layin da ke ambaton sunan masinjan da zai karanta umarnin, ta yadda ko wace na'ura aka kai shi, masinjan nan za a kira. Ka tsallake layin. Sannan ka koya wa mutanen ofis su riƙa kiran umarnin da ɗigo a gabansa, wanda ma'anarsa ita ce duk masinjan da aka tarar a bakin ƙofa shi zai karanta. In aka tambaye ka amfanin ɗigon, ka ce don tsaro. Ba a cika yin tambaya ta biyu bayan wannan amsar ba.

Mataki na huɗu: Ka bar wani abu a yatsunka

Manaja mutum ne da ya yi karatu, saboda haka duk ranar da shi ya rubuta jadawali sai ya sa waƙafi tsakanin kalmomi. Masinjoji kuwa tazara suka saba da ita. Akwai wani gurbi mai suna IFS, inda ake gaya wa masinja abin da zai ɗauka a matsayin gaɓar yanka. Da an rubuta waƙafi a gurbin nan cikin umarnin, magana ta ƙare har abada. Injiniya bai so ta ƙare ba. Kullum da safe sai ya buga shi da hannu kafin ya tayar da umarnin, yana kare kibod, wato allon da ake buga rubutu, da kafaɗa kamar mai cin abinci kusa da makwaɗaici.

Wata safiya Anti ta leƙo ta bayansa.

"Injiniya, wai me kake bugawa haka kullum?"

"Ɗumama ta nake yi, Anti."

"Na'urar ake ɗumamawa?"

"In ba a ɗumama ta ba ai kin san abin da take yi."

Anti ba ta sani ba, amma ta ce haka ne, ta koma kan takardunta.

Mataki na biyar: Ka bari a gwada ba ka nan, sau ɗaya ya isa

Mutane ba sa sanin darajarka da baki. Injiniya ya zaɓi wata safiya ya bugo waya ya ce cunkoso ya riƙe shi a hanya. Cunkoson kuwa bai wuce bencin mai shayin da ke jikin shagon tayoyi ba, inda rediyo ke rataye a ƙusa, a kan tasharsu.

Manaja ya ce ba komai, yau zai nuna wa kowa abin da yake faɗa. Ya rubuta jadawali da waƙafinsa, ya buɗe sabuwar kwamfutarsa, ya sa ɗigo, ya kira umarnin. Zsh ya haɗiye layin ya tafi nema. Rediyo ya yi tsit.

Wanda bai yi aikin rediyo ba bai san nauyin shirun nan ba. Mai shayi ya jijjiga rediyonsa, ya mare shi, ya cire batir ya lasa ya mayar. A sama kuwa aka ruga ɗakin eriya wajen Dash, ya ce shi bai san zancen ba. Anti ta gwada na'urar situdiyo, amma ba a ɗumama ta ba, waƙafi ya maƙale a jikin kowace kalma, Bash ya nemi shirye-shiryen ya rasa. Kalmar ƙarshe ce kawai ba ta da waƙafi, saboda haka da sanyin safiya gari ya ji sakamakon wasannin jiya, ba sallama ba gabatarwa, sannan shiru ya dawo.

Injiniya ya shanye shayinsa, ya hau bene a hankali, sai a matattakala ta ƙarshe ya fara haki.

"Injiniya! Ina ka shige? Masu talla sun cika min waya!"

"Yallaɓai, wa ya taɓa ta?"

Ka riƙe tambayar nan, za ta yi maka amfani har ka tsufa. Manaja ya rufe kwamfutarsa a hankali. Injiniya ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya kare kibod da kafaɗa, can sai rediyo ya dawo da magana.

Abin lura: kada ka gyara da sauri. Abin da aka gyara kafin mutane su gama tashin hankali, ba sa ɗaukarsa aiki.

Mataki na shida: In matsala ta taso, mutane za ka gyara

Wata rana Anti ta so a san labaran ranar na da muhimmanci, sai ta bar tazara ta sa alamar tauraro a bayansu cikin jadawali. Ita ado ta yi. A wajen Bash kuwa tauraro na nufin duk abin da ke cikin ma'ajiya. Ya kwaso komai ya jera: tallan da wa'adinsa ya ƙare tuntuni, cigiyar akuyar da aka riga aka gani, da wani naɗi da Manaja ya taɓa yi shi kaɗai a situdiyo yana gwada muryarsa da waƙar soyayya, ya manta bai goge ba. Gari ya saurara har baiti na biyu, inda muryar ta shaƙe, ya yi tari ya ce, "Bari in sake."

Maganin wannan ɗan umarni ne, set -f, wato a ce wa masinja tauraro tauraro ne kawai, kada ya je kwaso komai. Kada ka rubuta shi. Ka ɗauko takarda ka rubuta da manyan baƙaƙe ka manna a bango: AN HARAMTA TAURARO A JADAWALI. Da Injiniya ya ga dokar ta zauna sai ya ƙara mata 'yan'uwa. An haramta alamar tambaya. An haramta suna mai kalma biyu, saboda haka shirin Lafiyar Iyali ya koma lafiyariyali. An haramta taɓa na'ura da hannu mai maiƙo, wanda ba shi da alaƙa da komai, amma ya cike gurbin da ya rage a takardar.

Anti ta tsaya ta karance su tas.

"Injiniya, ni da na ɗauka na'ura aka kawo ta yi mana hidima."

"Tana yi, Anti. Sai dai tana da abin da ba ta so, kamar kowa."

Mataki na bakwai: Ka karɓi sakamakonka

Takardun sallama suka fito. Direban gidan ya tafi, ɗaya daga cikin masu gabatar da shiri ta tafi. Manaja ya dafa kafaɗar Injiniya a gaban kowa ya ce, "Gidan nan zai iya rasa ni, ban da wannan." Injiniya ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, kuma babu wanda zai ga laifinsa.

Sai dai rediyo ba ya hutun ƙarshen mako, saboda haka Injiniya ma ya daina yinsa. Yana wajen aski a kira, yana wanka a kira, yana taron iyayen yara a makaranta a kira. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, Manaja da kansa ya zo ya ɗauke shi a mota, ya buga abin da zai buga yana rawar sanyi, aka mayar da shi gida. Wannan ita ce nasarar da na yi maka alkawari, ka dube ta da kyau.

A nan ne yayarsa ta fara bugo waya. Ita ke zaune da mahaifiyarsu a wani gari mai nisan tafiyar yini, kuma har yau Auta take ce masa, da furfurarsa da komai.

"Auta, ƙafafun Mama sun ƙi. Ko tsakar gida ba ta fita yanzu. Kullum sai ta tambaye ka."

"Yaya, wata mai zuwa in Allah ya yarda."

Wata mai zuwa ya zo ya wuce, wani ma ya bi bayansa. Da abin ya dame shi ya shiga ofishin Manaja neman hutu. Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar Injiniya ba ta motsa ba sai ya marairaice.

"Injiniya, ka tausaya min. In ka tafi wa zai ɗumama ta?"

Injiniya ya tuna shi da kansa ya koya wa gidan kalmar. Ya koma kan kujerarsa.

Mataki na takwas: Kada ka ɗauki wayar yayarka a ofis

Duk abin da ka gina a nan yake rushewa, saboda haka ka kula. Yaya ta bugo da rana tsaka, Injiniya ya ɗauka. Ba ta gaishe shi ba.

"Auta, ba kira na yi in ji wata mai zuwa ba. Jiya ta ce in ɗaga ta zaune in gyara mata ɗankwali, wai ta ji tsayuwar mota, kai ne. Mai kawo ruwa ne. Ni na gaji da yi maka ƙarya. In za ka zo, ka zo tana gane mutane. In ba za ka zo ba, ka faɗa min in daina ce mata kana hanya."

Ta kashe.

Ƙwararre a nan sai ya ce layi ne ba kyau, ya ci gaba da aikinsa. Injiniya kuwa ya zauna da waya a hannu, kunya ta lulluɓe shi har ya kasa ɗaga kai. Ya san sarai abin da zai biyo baya in ya yi abin da zuciyarsa ke ce masa. Ranar da rediyon nan ya tashi ba shi, ranar Manaja zai fara tambayar kansa albashin me yake biya. Duk da haka ya jawo kibod.

Zan faɗi abin da ya rubuta don ka guje shi. A layin farko ya ambaci masinja, #!/bin/sh, wanda kowace na'ura a gidan ke da irinsa. Ya rubuta set -f. Ya sa waƙafi da tazara a IFS cikin umarnin kansa, inda kowa zai gani. Ya goge layinsa na alfahari ya sa tsohon salon nan, set -- $jadawali. Don kada wani ya sake kira da ɗigo a kwamfutar Manaja, ya keɓe wa Zsh layi guda, emulate sh, mai ce masa ya sauke girman kai ya yi yadda na da ke yi. Shayin da ke gefensa bai gama hucewa ba ya kammala.

Ya gwada a situdiyo. Ya gwada a ɗakin eriya. Ya zuba waƙafi da tauraro da gangan, babu abin da ya motsa. Ya ji kamar ya yi kuka, shi kansa bai san ko na me ba ne. Sannan ya kira Anti ya nuna mata.

"Gobe da safe ki danna nan kawai."

"Ba ɗumamawa?"

"Ta ɗumama ke nan, Anti."

Anti ta dube shi, ta dubi takardar bango, ta sake dubansa. Mace ce mai hankali, ta gane komai a take. Ta ce masa, "Ka gaida Mama."

Manaja ya gwada a tasa kwamfutar, umarni ya tashi lafiya lau. Ya sa hannu a takardar hutu da saurin da ya sanyaya wa Injiniya jiki, har ya raka shi bakin bene yana cewa kada ya damu da gaggawar dawowa.

Mataki na tara: In ka riga ka yi ɓarnar, ga abin da za ka tarar

Washegarin isarsa Injiniya na zaune a bakin gadon Mama, wayarsa a kan gwiwa. Ta rame ƙwarai, amma ta gane shi tun daga ƙofa, har ta yi masa faɗan tumbi. A gefen filonta akwai wata tsohuwar waya da Yaya ta sa mata tashar su Injiniya a ciki. Da lokacin buɗe tasha ya yi, yatsunsa suka fara motsi a kan gwiwa su kaɗai.

Muryar Anti ta fito a kan kari. Talla ya biyo, waƙa ta biyo, ko tuntuɓe babu. Injiniya ya duba wayarsa ko a kashe take. A kunne take. Ya ajiye, ya sake ɗauka. Abin ya yi masa zafi matuƙa, har ya kama kansa yana fatan a ɗan yi shiru, ko na haɗiyar miyau ne, don wani ya tuna da shi. Babu wanda ya kira.

Mama na kallonsa tun ɗazu.

"Auta, wa ke riƙe musu rediyon kana nan?"

"Ba kowa, Mama. Da kansa yake yi yanzu."

"To korar ka za su yi?"

"Wataƙila."

Ta juya kai wajen wayar da ke gefen filonta. Tallan maganin ciwon baya ya shigo da kiɗansa.

"Miƙa hannu ka kashe min abin nan," ta ce. "Ni labaransu ba ganewa nake ba, waƙoƙin kuma ciwon kai suke sa ni. Dama kunnawa nake in ji yana magana, in san ka tashi lafiya ka je aiki. Yanzu ga ka. Me zan yi da shi?"

Injiniya ya kashe. Ya ɗan jima yana kallon tasa wayar, sannan ita ma ya kashe ta ya sa a aljihu. Mama ta ce ya matso ya danna mata ƙafa, ya matso.

A sani

Mai wannan rubutu ba injiniya ba ne, ba manaja ba ne, kuma babu hannunsa a duk abin da ya same ka. In ka bi matakan har na bakwai ka tsira da kujerarka, kujerar taka ce, ita da duk abin da ya wuce ka kana kanta. In kuwa ka yi irin ta Injiniya aka sallame ka, kada ka nemo ni, na gargaɗe ka da babbar murya. Masu tambaya ko har yanzu yana da aikinsa su yi haƙuri, ni ma ban sani ba. Na buga masa in ji, wayar a kashe take.